Rekét Ta Haɗiye Tsofaffin Tabotaki

Jama'a, yau na ga ƙazantar da ta hi ta shara!

Da sahe ina biro, ofishinmu nan Buza, sai ga tsofaffi biyu daga Tabotaki, ransu ɓace. An raba irin hatsi na ƙungiyarmu, ɗaya ya samu, ɗaya an ce babu shi cikin ordinatar, wato kwamfuta. Ga damina bisa kai!

Na buɗe baz, rumbun sunayen da ke cikin ordinatar. Duka biyun suna ciki, kowane sunanai Mamman Abdu. Na kunna rekét, umarnin da ka tace baz ya hiddo masu karɓa. Mutum guda ta kawo!

Na shiga kod ɗin, rubutun da anka gina rekét da shi. Tir! Sunayen abubuwa x, xx, xxx. Bayani guda tak: "Kar a taɓa." Can ƙasa na iske ɓarnar. In suna da ranar haihuwa sunka zo ɗaya, sai ta yar da guda, wai maimaici ne. Alhali tsofaffinmu da ba a san ranar haihuwarsu ba, duk ɗaya ga watan farko anka rubuta musu! Waɗannan kuwa sa'o'in juna ne. Allah kaɗai ya san nawa ta haɗiye.

Na kira wanda ya rubuta rekét ɗin. Ya ce, "Ni dai a Yamai tana aiki." Ya kashe waya!

Na hwaɗa wa shef, shugaban biro. Ko kallon ekaran, fuskar ordinatar, bai yi ba, ya ce, "Ordinatar ba ta ƙarya."

Tsohon da anka hana ya gyara rawaninai, ya ce, "To ɗana, tambaye ta. Cikinmu wane ne ba a haihwa ba?"