Ɗangoggo da Ruwan Cika-ciki

Sunansa na yanka Musbahu, amma a Kuje in ka tambayi Musbahu sai a yi ta kallonka. Ɗangoggo aka sani. Lantana ce ta laƙaba masa. Ita 'yar kawunsa ce, shi ɗan goggonta, taubasai ke nan, kuma tun suna yara a ƙauyensu na ƙasar Zazzau ba ta taɓa kiransa da wani suna ba. Da aure ya kawo ta Kuje, ta hango shi yana tura kurar ruwa, ta ƙwala masa kira daga tsallaken kasuwa, shi ke nan sunan ya bi gari.

Ni faci nake yi a bakin hanyar da ta bi ta gefen unguwarmu. Tayar kurarsa ce ta haɗa mu. Ya turo ta a sace, jarkoki na ta kaɗawa, da ya ji maganata sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Af, Bakano ne? Allah ya sa kada ka sayar mini da iskar da na zo da ita."

Na ce, "Bazazzagi, iskar da ke cikin kanka ma ta isa cika tayar nan."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga ranar, in rana ta take, a rumfata yake hutawa. Akwai wata tsohuwar tayar babbar mota da ta zama kujerarsa, ko shi ba ya nan ba na bari a zauna a kai.

Lokacin mulkin soja ya wuce, Abuja ta fara kumbura. Ma'aikatan gwamnati da haya ta fi ƙarfinsu a cikin birni suka dinga yankar filaye a Kuje suna gini. Gini na son ruwa, masu gidan ma na son ruwa, famfo kuwa babu. Ɗangoggo kan tashi da asuba ya kama layi a rijiyar burtsatse, ya cika jarkoki, ya tura. Tafin hannunsa ya yi kanta, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu. Ban taɓa jin ya yi ƙorafin aikin ba, sai dai ƙorafin matan gidajen da ke cewa ya cire takalmi tun daga get alhali ƙafarsa ta fi takalmin datti. Yana da mata, Rabi'atu, mai shiru-shiru, da 'ya'ya mata. Ba shi da wani buri da na sani in ban da su, sai kuma wasan ruwa.

A garinsu, kashegarin cika-ciki, taubasai da abokan wasa kan watsa wa juna ruwa. Shi ya kawo abin unguwarmu. Da farko shi da Lantana ne kawai, tana bin sa da kwano yana zillewa, mutane na kallo suna cewa manya da su. Shekara ta zagayo jikoki suka tasar wa kakanni. Wata shekarar Kanawa da Zage-zagi muka shiga, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari. Zacharias, maƙwabcina Gbagyi mai walda, ya ce shi fa ba wanda ke jiƙa shi, Ɗangoggo ya ce, "Kai da muke zaune a ƙasarka? Kai taubashin kowa ne," ya juye masa jarka guda.

Wasan na da ƙa'ida. Abokin wasanka kaɗai za ka jiƙa. Ba a fushi. In ka ga an nufo ka da ruwa ba ka tsayawa kamar dutse, sai ka gudu tukuna a bi ka, nan daɗin yake. Wanda kuwa rana ta faɗi rigarsa a bushe, tausayinsa ake ji, don alama ce ba shi da kowa. A ranar wasan, Ɗangoggo ba ya kai ruwa gidan kowa. Yakan jera jarkoki a tsakiyar layi kowa ya ɗiba. Ya taɓa ce mini, "Nuraddeen, duk shekara ruwan da nake turawa na wanki ne da wanke-wanke. Rana ɗaya tak nake ganin an yi dariya da shi." Da wuya ya kira ni da sunana, shi ya sa maganar ta zauna mini.

Sai aka zuba wa hanyarmu kwalta. Mun yi murna, ni har na ƙara faɗin rumfa. Ba a daɗe ba aka hana acaɓa a cikin birni, 'yan acaɓa suka kwararo mana. Ga tifofi masu ɗauko yashi da tsakuwa zuwa wuraren gini, suna gangarowa daga kan tudu kamar an koro su. Hanyar da awaki ke kwanciya a kai ta zama sai ka duba sau biyu ka yi bisimilla kafin ka tsallaka.

A shekarar ne wani saurayi ya hango abokin wasansa a kan babur ya ɗauko fasinja, ya sheƙa masa bokiti a fuska. Babur ya kwanta. Fasinjar, wata mata da ke dawowa daga coci, ta karye a hannu, fuskarta ta kuje. Jami'an kiyaye haɗurra suka zo wurin mai unguwa, aka tara mu a ƙofar gidansa. Ogansu ba Bahaushe ba ne, amma ya yi mana magana da Hausarsa.

Ya ce, "Wannan mata, shi ba ya cikin wasan ku. Shi yana tafiya gida ne. Gobe mota ne, ba mashin ba. Mu ba mu hana ku farin ciki, amma titi ba wurin wasa ba ne."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya musa. Mai unguwa ya ce to a bar wasan gaba ɗaya, dama wasu malamai sun daɗe suna yi masa magana a kai. Mutane suka fara miƙewa. Sai Ɗangoggo ya matso ya durƙusa, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, a ba ni bakin titin."

"A ba ka ka yi me da shi?"

"In tsaya. Layinmu ƙofa ɗaya gare shi zuwa kwalta. Ni zan tsare ta daga safe har magariba. Ba mai wuce ni da ruwa, ko a cokali ne."

Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Kai da ka fi kowa ɓarna?"

"Shi ya sa na san hanyoyinsu, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya, ogan ma ya murmusa. Aka yanke: wasa a cikin layi kaɗai, ba a jiƙa mai abin hawa, ba a kai ruwa bakin hanya. Mai unguwa ya ɗaga yatsa ya ce duk ranar da ruwan wasa ya taɓa kwalta, ranar wasan ya mutu, kuma kada kowa ya zo masa da roƙo.

Haka Ɗangoggo ya koma mai gadi a bikin da shi ya kawo. Ya ɗaura jan ƙyalle a sanda, ya ja layi a ƙasa da toka, ya tsaya bayansa ga titi fuskarsa ga unguwa. Daga rumfata ina ganinsa. In an biyo wani da gudu ya nufo titi, sai ya buɗe hannuwa ya tare shi ya mayar da shi ga masu bin sa. Ihu da shewa na tashi a cikin layi, shi yana leƙe, ƙafarsa na motsi ita kaɗai. Kuma da yake a kan iyaka yake tsaye, ba mai iya jiƙa shi, don ruwan zai fantsama kan kwalta. Magariba ta yi, rigarsa a bushe ƙayau.

Na ɗebo ruwan da nake gwada tayoyi da shi na bi shi har ƙofar gida na kwara masa. Ya share fuska ya ce, "Bakano, rana ta faɗi. Wannan wanka ka yi mini, na gode." Ya yi murmushi, amma ba irin nasa ba.

Shekarun da ya tsare bakin titin ko akuya ba a taka ba ranar wasa. Jami'an kan biyo su tsaya su gaisa da shi, ogan na kiransa abokin aiki. A cikin shekarun ne mijin Lantana ya rasu. Ba ta koma gida ba, ta ci gaba da suyar waina a kasuwa, kuma duk Kuje ba ta da wani na jini sai shi. Ita ma ta daina jiƙewa, don ba ta da wani taubashin. Takan zo rumfata ta same shi ta yi ta mita.

"Ɗangoggo, mata na yi da ni. Wai taubashina na yini a rana kamar maraya ina kallo."

"Ki bar su, 'yar kawu. In na matsa wa zai tsaya?"

"Ga Bakano nan, ba abin da yake sai shan iska."

"Wannan? Tifa ɗaya za ta yi masa hon ya tsere Kano."

Na ce zan tsaya, da gaske nake. Ya ƙi. Ya ce shi ya durƙusa gaban mai unguwa, ba ni ba.

Lantana ta ce, "To wallahi bana sai na jiƙa ka, ko a kan minbari ka tsaya."

Muka yi dariya mu duka. Ta sha faɗin haka.

Ranar ta zo, bayan azahar ne, rana ƙwal. Ina cire ƙusa daga tayar wani ɗan acaɓa, na ɗaga kai na ga Lantana ta fito daga layi tana tafiya a hankali kamar mai zuwa unguwa, mayafi ya rufe mata hannuwa. Ba ta zo da bokiti ba. Ɗan kofi ne na roba, ta auna ruwan daidai yadda zai tsaya a rigarsa kada ya kai ƙasa. Ta yi tunanin dokar. Abin da ba ta yi tunani ba, ni ma ban yi ba, shi ne ƙafarsa.

Ta zo dab da shi ta gaishe shi da ladabi, "Ina yini, mai gadi," sai ta zaro kofin. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ke!" Ya yi abin da ya saba yi tun suna yara in ta nufo shi da ruwa. Ya yi tsalle da baya don ta bi shi.

Bayansa kwalta ce. Tifa na gangarowa cike da tsakuwa.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Direban ya taka burki, ƙarar har yau tana kunnena, amma motar ba ta tsaya ba sai can gaba. Ya sauko ya ɗora hannu a ka, daga baya ya kai kansa wurin 'yan sanda. Ni na fara isa. Na ɗora kansa a cinyata ina kiran Ɗangoggo, ina kiran Musbahu, ina karanta masa kalmar shahada ko zai ji. A cikin layi ba su sani ba tukuna, shewa na ta tashi. Da labari ya shiga, mutane suka fito a guje sharkaf da ruwa, suka kewaye mu, ruwa na ɗiga daga rigunansu a kan kwalta.

Kafin la'asar sakaliya mun kai shi. Zacharias ya bi mu har maƙabarta ya tsaya daga gefe yana kuka kamar yaro. Da aka zo gaisuwa da Lantana, Rabi'atu ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce, "Yaya, kwanansa ne ya ƙare."

A wurin sadakar uku mai unguwa ya yi magana. Ya ce ya so Ɗangoggo, kuma saboda Ɗangoggo daga yau ba wasan ruwa a unguwar nan, ba a layi ba, ba a cikin gida ba. Na duba fuskokin mutane. Ba wanda zai durƙusa. Wanda zai yi ɗin shi muka taru a kansa. Wasan da Ɗangoggo ya hana kansa don ya ɗore, ya yini a rana shekara da shekaru yana tsaronsa, da sunansa aka rufe shi.

Rabi'atu ta gama takaba 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita da yaran. Lantana ta daina suya. Ta rame har sai ka dube ta sosai kafin ka gane ta. Daga baya 'yarta da ke aure a Uke ta aiko a kawo ta. Ni na ɗaukar mata kaya zuwa tasha. Da ta shiga mota ta zauna bakin taga, sai ta kira ni.

"Malam Nuraddeen, kai kana kallonsa. Ni idona na kan kofin. Da ya gan ni, ya yi fushi?"

Na ce, "A'a, Yaya. Dariya yake. Wallahi rabon da in ga ya yi irin dariyar tun kafin a ba shi bakin titin."

Na zaci zan sanyaya mata rai ne.

Ta ce, "Da fushin ya yi, da ya tsaya a inda yake."

Kwandasta ya buga motar, suka tashi. Na koma rumfa na zauna, wani ya kawo taya na ce masa ya je gaba, yau ba na aiki.