Rayuwar Ungozoma Mai Farin Kwano

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiyar, wadda aka fi sani da Sista Mai Farin Kwano, a watan Maris na shekarar 1958, a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa, cikin garin da ta rayu har ƙarshen kwanakinta. Mahaifinta mai gyaran keke ne, mahaifiyarta kuwa kitso take yi a tsakar gida. An sa ta firamare a 1965, ta wuce sakandaren 'yan mata, sannan ta shiga makarantar ungozoma a 1975, ta kammala a 1978 da shaidar yabo.

Aiki da Aure

A wannan shekarar aka tura ta ƙaramin asibitin haihuwa na unguwarsu, ɗaki guda mai gadaje takwas da taga biyu, rufin kwano ba silin. A 1980 ta auri kafintan da aka kira ya gyara ƙofar ɗakin, wanda daga baya yakan ce da gangan ya shafe mako uku yana gyaran ƙofa ɗaya. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1981 da 1993. Ta shafe shekaru talatin da takwas tana karɓar haihuwa ba tare da zafin bazara ya taɓa zame mata abin tsoro ba.

Musibar 2016

A watan Afrilu na 2016 aka yi zafin da dattawan garin suka shaida ba su taɓa ganin irinsa ba. Cikin kwana huɗu jarirai uku suka rasu a hannunta, dukkansu lafiyayyu aka haife su, sun yi kuka, sun kama nono. Na ukun yana jikin uwarsa ya yi shiru da azahar.

"Mama, barci yake yi ko?" in ji uwar, yarinya mai haihuwar fari.

Sista ta duba shi, ta tarar ya cika. Ta ajiye ma'aunin zafi a kan katifar, ta ga ya haye har ƙarshen lambobinsa. Ta ɗauka lalacewa ya yi, ta aro na ɗakin magani, shi ma haka. Ta tarar da likita a baranda.

"Likita, me na yi ba daidai ba?"

"Ba ke ba ce, Sista, ɗakin ne ya gasa su. Duniya ce ke ɗumama, kuma abin da masana ke faɗa, gaba sai ta fi haka."

"Kana nufin baɗi ma?"

"Baɗi, da baɗin baɗaɗa."

An ruwaito cewa ta yi kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba, tana zaune tana kallon rufin.

Hidimar Al'umma

Maigidanta ne ya kawo shawarar a shafa wa kwanon farar ƙasa, domin ya lura farin rufi ba ya ƙona masa tafin ƙafa kamar mai tsatsa. Suka hau tare, tana da shekara hamsin da takwas, maƙwabta na dariya daga ƙasa.

"Sista, kwanon za a aurar ne ake masa kwalliya?" in ji mai shagon bakin titi.

"In ya yi kyau kai za mu ba wa," ta amsa, ba ta daina shafawa ba.

Washegari da azahar zafin ɗakin ya ragu da maki biyar. Mai shagon ne mutum na farko da ya zo aron buroshi. Daga nan ta tara matan da ta taɓa karɓar haihuwarsu, suka kafa ƙungiya, suna bi gida-gida, suna farawa da inda ake da jariri ko tsoho. Bayan ritayarta a 2018 ta duƙufa ga aikin baki ɗaya, har zuwa 2021 an shafe rufi sama da ɗari huɗu. Sun dasa itatuwa dubu a bakin tituna, fiye da rabi suka bushe a bazarar farko, lamarin da ya sa ta ɗora wa kowane gida alhakin itace ɗaya, a riƙa ba shi ruwan wanke-wanke. A ƙarshen 2021 maigidanta ya rasu bayan gajeriyar jinya.

Rasuwa da Jana'iza

A Afrilun 2024 zafi ya dawo fiye da na farko, wuta ta ɗauke kwana tara, famfo ya ƙafe. A ɗakin haihuwa ba a rasa jariri ko ɗaya ba, amma tsofaffi suka riƙa faɗuwa. Da ta shirya fita duba su, babbar 'yarta ta tare ta a bakin ƙofa.

"Mama, ke ma fa tsohuwa ce. Ki zauna mu je."

"Ba ku san ɗakunansu ba, ni na sani."

A rana ta takwas, bayan ta shayar da wata makauniya ruwan gishiri da sukari, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar gidan, rai ya yi halinsa kafin a kai ta asibiti. Tana da shekara sittin da shida. Da aka isa maƙabarta da yamma, masu rakiya suka yi cirko-cirko, domin gawa goma sha ɗaya suka tarar a jere ana jira, masu haƙa sun gaji sun zube a gindin katanga. 'Ya'yanta maza da kansu suka karɓi diga da shebur.

Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar: babbar, malamar firamare, wadda ke riƙe da ƙungiyar a yanzu, mai bi mata, kafinta, tagwaye, direba da tela, sai auta, ungozoma a ɗakin mai gadaje takwas. Ta kuma bar jikoki goma sha huɗu. Allah ya jiƙanta da rahama.