Ƙafar Bijimin Siminti

Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Siminti yana aiki da Maƙeri a rumfar kwano ɗaya, bayan garejin manyan motoci. Mutum-mutumi suke yi, irin waɗanda ake kafawa a shataletale da farfajiyar otal: zaki, jimina, mace da tulu. Maƙeri ya lanƙwasa rodi ya yi walda, ya tsayar da ƙashi. Mai Siminti ya naɗe da raga, ya bi da cokalin magina yana ɗora nama da fata. Yanzu ya haura sittin. Kafaɗarsa ta dama sai an gasa ta da ruwan zafi kafin ta yarda ta fita aiki. Matarsa ta daina tambayar yaushe zai huta, ta gaji da jin "sai mun gama wannan".

Doka ɗaya suke da ita tun suna samari. A kowane aiki, kowa yana da ikon ɗaukar guduma sau ɗaya ya fasa abin da bai yi masa ba a aikin ɗan'uwansa, ba tambaya, ba bayani. Mai Siminti ya sha wuya a hannun dokar nan. Akwai kan zakin da ya kwana goma sha biyu yana yi, Maƙeri ya sauke shi da bugu uku ya tafi cin abinci. Sati guda ba su gaisa ba. Amma zakin da ya sake, har yau masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto da shi. Ko da wasa ba zai faɗa ba, amma bai taɓa yarda da aikin hannunsa ba sai ya tsallake gudumar Maƙeri.

To, shekara biyu ke nan gudumar ba ta motsa ba. Da farko ya ɗauka gwanintarsa ce ta kai maƙura, har da ɗan cika baki a gida. Daga baya abin ya fara cin ransa. Aikin ne ya yi kyau, ko kuwa Maƙeri ya daina gaya masa gaskiya?

Da aka ba su aikin bijimi na ƙofar wata makarantar koyon noma, sai ya ɗana tarko. Da gangan ya kumbura ƙafar gaba ta hagu, ya saukar da gwiwar yatsu huɗu ƙasa da ta dama. Ko makaho ya shafa ya san da gyara. Ya jingine gudumar a jikin bijimin, ya koma gefe yana wanke cokali.

Maƙeri ya zagaya sau biyu, hannu dafe da ƙugu. "Ya yi," in ji shi.

"Yaya, dubi ƙafar nan da kyau."

"Na gan ta tun shekaranjiya."

"Ka gani, ka yi shiru?"

Maƙeri ya zauna a kan buhun siminti a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. "In na fasa, wa zai sake? Kafaɗarka ko bayana? Sati uku ne fa, ƙanena. Jiminar bara ma, da matar nan mai tulu, duk na ga abin fasawa. Ƙarfin ne babu."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: Mai Siminti ya tambaya, an kuwa gaya masa, har da wanda bai tambaya ba. Kunya ta kama shi, da haushi. Ya sunkuya ya ɗauki gudumar da kansa, ya ɗaga ta daidai gwiwar. Kafaɗar ta amsa. Ya tuna sati uku na tsuguno da kwaɓi, da yayyafa ruwa safe da yamma har ya bushe. Maƙeri bai hana shi ba, bai kuma zuga shi ba.

Mai Siminti ya ajiye gudumar.

Ranar da aka zo ɗauka, shugaban makarantar ya zagaya bijimin yana ta sa albarka, wai saura kaɗan ya yi numfashi. Mai Siminti ya yi godiya, ya kama aka ɗaure igiya. Da mota za ta tashi, ya ja direban gefe ya roƙe shi, in sun isa, a juya ƙafar hagu wajen katanga.