Jirgin da Baturiyar Kaka Take Jira

Kwana tara suka rage a iƙamata, takardar zamana a Jidda, kafilin da ya tsaya mini ya ce halas, ba sabuntawa. Na kasa zaune na kasa tsaye, sai buɗe akwati nake ina rufewa. A haka na ci karo da ƙullin tsumman Kaka.

Muna yara a unguwar Bani Malik, in an idar da magariba sai Kaka ta hura gawayi a kasko a saman soro, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Sannan ta kwance ƙullin ta fito da 'yar tsanar tangaran, kyautar wata Baturiya da ta yi wa aikatau a unguwar Bagdadiyya. Tsanar tsohon aikin Sin ce, irin wanda ake yi don Turawa: riga ta Turawa, idanu na Sinawa. Babanmu ya ce mala'iku ba sa shiga gida mai siffa, ya ɓalle mata kai. Kaka ta tsince kan ta adana. In za ta yi tatsuniya sai ta ɗora shi, ta danne da ɗan yatsa.

"To ga ta nan tafe, kowa ya tattara kunnensa."

Wai maginin tsanar bai taɓa ganin Bature ba, sai ya yi mata idanun 'yarsa. Aka sa ta a jirgin ruwa zuwa ƙasar da aka yi ta dominta. Da jirgi ya tsaya Jidda ta sauka shan ruwa, kafin ta dawo ya tashi. Ta zauna bakin teku tana jira.

"Kaka, jirgin ya dawo?"

"Kai dai akwai gajen haƙuri. Yalla, shayinka na hucewa."

Kullum a nan take tsayawa, haushi kamar in fasa tsanar. Sai da na girma na gane. Ita ma hajji ɗaya ta zo yi daga Katsina, da niyyar komawa bayan sallah, ga ta kwance a maƙabartar Jidda.

Jiya na nuna wa wani mai sayen kayan tarihi tsanar. Ya jujjuya ta ya miƙo mini, wai wa ya yi wannan ɓarna? Na ce wani mai tsoron Allah ne.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Katsinar da zan tafi a bakin Kaka kawai na san ta, Hausata ma rabinta Larabci ne. Na naɗe kai da jiki wuri guda, na cusa tsakanin riguna.

"Tashi," na ce mata, "jirgin ya dawo."