Inda Inna Ta Samo Tagwayenta

A gidanmu na Sabon Birnin Gwarzo, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhu, kakarmu Inna Delu tana gasa mana masara. Mace ce mai carbi, ko zaure ba ta leƙawa. Takan ce, "Ku matso, 'yan nema, ga ta nan tafe. Mai gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Wadda muka fi so ita ce ta tagwayen da suka ɓace wa uwarsu ranar kasuwa. Ɓarawo ya tsinci ɗaya, dogari ya tsinci ɗaya, kowa ya gaji sana'ar mariƙinsa. Ranar da ɗan dogarin ya ritsa ɗan ɓarawon ya zare takobi, sai ɗan ɓarawon ya rera waƙar da uwarsu take lallashinsu da ita. Takobi ya faɗi, mu kuwa hawaye shaɓe-shaɓe.

A kan tatsuniyar nan na gina digirina na uku a fannin fassara. Na mayar da ita Turanci, na kafe cewa tsohon gadon ƙasar Gwarzo ce. Ana dab da ranar kare aikin, Inna ta daɗe da rasuwa, na je Durun wurin ƙaninta Baba Sule don in ji daga wa ta gaje ta.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce suna yara an kai su riƙo Kano, Delu tana tallan gyaɗa a ƙofar sinima, mai gadi yakan bar ta ta leƙa fim ɗin Indiya.

"Ko kalma ɗaya ba ta ji," in ji shi. "Ido take zubawa, ta dawo gida ta sa musu Hausa a baki."

Innalillahi! Inna a sinima? Aikin shekaru ya rushe a tabarmar Baba Sule. Dole na roƙi malamina a ɗage ranar, na sake rubutu tun daga babin farko.

Da ƙyar na gano fim ɗin, na kalle shi da fassara. Nan na ƙara kaɗuwa, don babu waƙar uwa a ciki. A fim ɗin dogarin ɗan sanda ne, kuma harbe ɗan'uwansa ya yi, sai a kan gawa ya gane shi.

Yanzu ni ke koya wa ɗalibai cewa mai fassara ba ya ƙari ba ya ragi, kuma duk lokacin da na faɗa sai Inna ta faɗo mini a rai. Yarinya mai tallan gyaɗa ta ga an kashe yaron nan da idonta, ta dawo gida ta ƙi yarda.