Ranar da Na Yi wa Ƙanƙara Filasta

Shekarun baya 'yata da ke aikin jinya a Kanada ta matsa sai na je na ga ɗakinta. Ni haifaffen Jidda ne, sana'ata filasta da daɓe, kuma idona ba ya ganin rami ya ƙyale. Ita kanta shaida ce. Tana 'yar shekara biyar ta taka ɗanyen simintin da na zuba a ƙofar gidanmu a unguwar Bani Malik, na yi faɗan da sai da maƙwabta suka leƙo.

Na sauka tsakiyar hunturu. Bayan gidanta akwai wani makeken lambu inda mutane ke ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su riƙe sanda biyu, suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ta ce ƙungiyar 'yan sa-kai ce ke gyara hanyar zamiyar, ita ma tana ciki. Na ce madalla, ban tambayi yadda gyaran yake ba.

Ranar Asabar na idar da asuba, na tarar ta riga ta fita. Na naɗe kamar dami na leƙa lambun. Hanya ta yi sumul, sai dai wasu siraran kwari guda biyu da suka miƙe a gefenta har cikin itatuwa. Raina ya ɓaci. Na ce wani marar tarbiyya ya ja kaya ta nan, yanzu a ce 'yata ba ta iya aiki ba. Na ɗauko shebur, na yi ta cikewa ina lailayewa fiye da awa guda.

Ina cikin yaba wa kaina sai ga ta, da wata tsohuwa shugabar ƙungiyar, da jama'a riƙe da katakansu.

"Ya Baba, esh sawwet? Me ka yi?"

Na ce, "Gyara."

Ashe a cikin kwarin nan katakan suke zama su zame. Hunturu biyu 'yata tana roƙo a ba ta makullin injin da ke yanka su, ranar ce ta farko da aka amince mata. Na ga idonta ya ciko, wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na dafa ƙirji na ce ta faɗa wa tsohuwar laifina ne, kada a karɓe mata makulli.

Tsohuwar ta durƙusa, ta shafa aikina da hannu, ta yi magana, kowa ya fashe da dariya. 'Yata ta fassara: wai ba ta taɓa ganin ɓarna mai kyau haka ba. Aka bar mata makullinta.

"Yalla, hau bayan injin," in ji 'yata. Muka sake yanka kwarin, ina ƙanƙame da ita. Da muka tsaya na zuro ƙafa zan sauka, ta riƙe ni.

"Ya mu'allim, ba a taka ɗanyen aiki."

Maganata ce ta ranar simintin nan, ko kalma ba ta sauya ba.

Tun daga nan, kafin na gyara abin wani sai na tambaya. Da na dawo Jidda na tsaya a ƙofar gida ina duban ɗan sawunta a siminti. Duk faɗan da na yi, shekara ashirin da wani abu ina wuce shi da cokalin filasta a hannu, kuma shi kaɗai ne ramin da ban taɓa cikewa ba.