Yadda Inusa Ya Tsira Daga Dakon Turaku

Kakana Inusa mai jakai ne a Matameye. Yawancin abin da zan faɗa a nan daga kaset ɗin 'yata Maryama na samo shi, Allah ya jiƙanta. Ita ta zauna da gwaggona ta naɗi labarin.

Kafin ya yi aure, Inusa ya yi shekara biyu a Kano yana kiwon dawakin wani hafsan Ingila. Ya dawo da ɗan Ingilishi a bakinsa, wanda ba shi da amfani a Matameye, ƙasar da Faransi ke mulki. Sai shekarar da Turawan ƙasashen biyu suka zo kafa alamun iyaka. Kumandan Faransi ya sa a shelanta cewa duk mai ƙarfi zai yi dakon turakun iyakar a ka. Mutum ɗaya za a ɗauke wa: wanda zai yi wa Baturen Ingila tafinta. Za a gwada masu so bayan sati uku.

Inusa yana da ciwon wuya tun wata faɗuwa da ya yi. Ya san dakon zai iya kwantar da shi.

Ya samo ƙoƙo biyu da 'ya'yan tsamiya. Duk kalmar da ya tuno, sai ya jefa ƙwaya a ƙoƙon farko. Ba ta komawa na biyu sai ya yi magana da ita sau uku a yini. To, da wa zai yi? Sai ya riƙa yi da jakansa, da kuma matarsa Uwa tana daka.

"Maigida," in ji Uwa, "baƙin jakin nan fa ya fi ka natsuwa. Kada ya riga ka samun aikin."

"In ya samu, ke za ki yi masa wankin riga."

Abokin takararsa Rabi'u ne, ɗan wani falke. Shi kalmominsa sun ninka na Inusa, ya jera su yana rerawa kamar hadda.

Ranar gwaji aka zauna a gindin gawo. Baturen ya ajiye agogon aljihu a kan akwati, ya ce kowa ya kwatanta masa hanyar Ɗan Barto kafin allurar agogon ta kai wani zane. Rabi'u ya zubo kalmomi: rijiya, yashi, tudu, gabas. Duka daidai, amma ba wanda zai bi su ya isa ko'ina.

Inusa kuwa ya yi abin da kowane mai tarbiyya zai yi a gaban baƙo. Ya fara da gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi zafin rana, duk da Ingilishi. Baturen yana amsawa a gajarce yana duban agogo. Allura ta kai zanen, Inusa bai ko fita daga Matameye a kwatancensa ba.

Rabi'u ya ce a hankali, "Sannu da hanya, ɗan'uwa. Sai ka nemi gammo."

Amma Inusa bai gama gaisuwa ba, saura doki. Ya juya ya dubi dokin Baturen da ke ɗaure, ya tambayi lafiyarsa, ya ƙara da cewa ya ga sirdi ya ci masa baya. Baturen ya ɗago kai. Kwana huɗu ke nan mikin yana damunsa, bai sami wanda zai yi wa bayani ba. Ya yi tambaya, Inusa ya amsa: a wanke da ruwan ɗumi, a barbaɗa garin bagaruwa, a huta da sirdi sati guda. Inda kalma ta ƙare masa, sai ya zagaya da waɗanda yake da su. Suka tashi suka nufi dokin, agogo yana kan akwati.

Wata bakwai Inusa ya yi yana tafinta, bai ɗauki turke ko ɗaya ba. Da aka nemi mai kula da rumbun abinci, sai Inusa ya ambaci Rabi'u, aka kuma ɗauke shi. Gwaggo ta ce har suka tsufa, in sun haɗu a kasuwa, Rabi'u kan tambaye shi ko ya isa Ɗan Barto.